Famfon da Mainasara Ya Ƙi Aunawa

A garin Daura, a bakin hanyar da ta nufi Mai'adua, an yi wani makanikin manyan motoci mai suna Mainasara. Duk wanda ya san shi zai shaida cewa Allah Ya ba shi hannu. Mota za ta shigo garejinsa tana tari tana fitar da baƙin hayaƙi, sai ya karkata kai ya saurara, kafin direba ya sauko ya riga ya faɗi ciwonta. Sau da yawa kuma maganarsa ce ke fitowa. Wannan baiwa ita ce ta zame masa cuta. Tun da mutane suka fara cewa kunnen Mainasara ya fi na'ura, sai ya yarda da zancen fiye da masu faɗarsa. Ya daina awo, ya daina tambaya, kuma babu kalmar da ya ƙi jini kamar a ce masa "sake dubawa". Ni maƙwabcinsa ne a lokacin, kuma yawancin abin da zan faɗa daga bakinsa na ji shi, bayan bakin ya yi sanyi.

Wanda ya koya masa aiki wani dattijo ne, Baba Sada, wanda ya shekara talatin yana gyaran injekta, wato babban famfon da ke harba man gas cikin inji. Da tsufa ya hana shi shiga ƙarƙashin mota, sai ya kafa 'yar rumfa a gefen garejin, yana karɓar ƙananan ayyuka.

Mainasara yana da ƙanwa mai suna Hadiyya. Mijinta, Zailani, direba ne mai motar kansa, babba mai taya goma, wadda yake ɗaukar shanu da ita daga kasuwar Mai'adua zuwa Kudu. Mutum ne mai sanyin hali, kuma yana girmama yayan matarsa kamar uba. Damuwarsa ɗaya ce: motar ba ta da ƙarfi. In ta ɗauki kaya sai ta riƙa rarrafe a kan hawa, shanu su galabaita kafin a isa, fatake kuma suka fara komawa wurin masu motoci masu sauri.

A bazarar shekarar 2003 ya kawo kukansa gareji. Mainasara ya ce ya bar masa ita mako uku, zai mayar da ita abin da ba a taɓa gani ba a ƙasar Daura. Kuma ya yi aiki, ba a ƙwace masa wannan. Ya cire tobo, na'urar da ke cusa wa inji iska, ya sa wadda ta fi ta girma. Ya sauya nozul, wato kawunan da ke fesa mai cikin inji, da masu faɗin baki. Ya buɗe injekta don ta ƙara turo mai. Ranar wata Juma'a da hantsi aka tayar da ita, ta yi wani ruri da ya sa direbobin tasha suka taso suna kallo. Zailani ya zaga da ita babu kaya, ya dawo yana murmushi har kunne.

Ana cikin yabo sai ga Baba Sada ya dogaro sandarsa. Ya leƙa cikin injin, ya daɗe yana kallon wani ɗan famfo da ke maƙale a gefe.

Ya ce, "Mainasara, aiki ya yi kyau. Amma wannan famfon jan man, na da ne ko?"

"Na da ne, Baba. Lafiyarsa lau."

"Ka faɗaɗa wa inji maƙogwaro, ka bar shi da tsohon cokali. Wannan shi ke jawo mai daga tanki ya miƙa wa injekta, kuma an yi shi ne don injin jiya. Da, ko an ƙure totur, abin da motar ke sha bai kai lita ɗaya a minti ba. Yanzu za ta nemi ɗaya da rabi. Ka kuma sani ba abin da inji zai ƙona kaɗai famfo ke kawowa ba. Sai ya kawo ninki biyu ko uku, don rarar ita ke sanyaya injekta ta koma tanki. Ga shi ya tsufa, ga tiyonsa siriri. Abin da yake iya kawowa yau, ni ban sani ba, kai ma ba ka sani ba."

Zailani ya matso ya ce, "To Baba, ba sai a nemo ƙato a sa mata ba?"

"Ba haka ake yi ba, ɗana. Wanda ya yi yawa shi ma ɓarna ne, zai fasa roba ya tura mai inda ba a so. Awo ake yi. Ina da agogon awo a rumfa. A ɗaura shi a bakin injekta, a ja tiyonsa zuwa gaban direba, a loda mata yashi, a taka ta a kan hanya. In allura ta tsaya, shi ke nan. In ta faɗi, a aika Kano a kawo famfo daidai da ita, da tiyo mai faɗi. Zuwa Talata an gama."

Matsalar ita ce kasuwar Mai'adua ranar Lahadi take ci, kuma Mainasara ya riga ya cika baki a tasha cewa a ranar motar za ta ɗauki shanun wani falke, Alhaji Sama'ila. Ya dubi direbobin da suka yi shiru suna sauraro, ya ji kamar an tuɓe masa riga a kasuwa.

Ya ce, "Baba, na saurare ta. Injin da ke jin yunwa ba haka yake kuka ba."

"A tsaye ka saurare ta. Ba a sanin ƙarfin jaki sai an ɗora masa mangala."

Mainasara ya goge hannu da tsumma, ya yi wata 'yar dariya. "Ka koya mini riƙon sifana, Baba, na gode. Amma wannan aikin ba na zamaninku ba ne."

Dattijon ya dube shi, ya dubi Zailani, ya juya ya koma rumfarsa a hankali.

Da mutane suka watse, Zailani ya rage murya ya ce, "Yaya, ko mu bari sai kasuwa mai zuwa? Alhaji zai samu wata motar."

"Ka yarda da ni ko ba ka yarda da ni ba?"

"Na yarda da kai, Yaya."

"To magana ta ƙare. Ni da kaina zan shiga gaba in raka ka har Kano, don kowa ya gani."

Ranar Lahadi bayan azahar aka gama loda shanu ashirin da biyu. Masu kula da su, magidanta biyu, suka hau kan katakon da ke saman bodi. A gaba kuwa Zailani ne a sitiyari, Alhaji Sama'ila a tsakiya, Mainasara a bakin ƙofa. Rana tana dukan kwalta har tana walƙiya. Motar ta tashi da kayanta kamar ba ta ɗauki komai ba, Alhaji yana ta jinjina kai yana cewa bai taɓa shiga irinta ba.

Sun wuce Daura kaɗan, hanya ta miƙe babu kowa, Zailani ya danna totur har ƙasa don ya ji iyakarta. Ta ɗauka da ƙarfi. Can kuma sai ta yi wata 'yar sarƙewa, kamar mai magana da numfashi ya ɗauke masa, sannan ta ci gaba.

Zailani ya ɗaga ƙafa ya ce, "Yaya, ka ji?"

Mainasara ya ji. Ya fi kowa ji a cikin motar. Kunnen nan da ake yabo ya gaya masa gaskiya tun a karon farko: wannan ba datti ba ne, ba iska ba ce, injekta ce ta nemi mai ba ta samu ba. Amma ya dubi Alhaji a gefensa ya ce, "Ɗan datti ne a mai. Zai wuce."

A Sandamu suka tsaya yin la'asar. Mainasara ya gaya mini cewa a sallar nan bai san abin da ya karanta ba. Yana tsaye a sahu yana shirya maganar a ransa. Ba doguwa ba ce. Zai ja Zailani gefe ya ce masa ya bi ta a hankali, kada ya ƙure totur, kada ya wuce kowace mota sai sun isa Kano an sauya famfo. Da haka za su isa lafiya. Da aka sallame ya fito ya nufi Zailani, sai ya tarar Alhaji Sama'ila ya tara wasu direbobi a gindin mota yana ba su labari.

Alhaji ya nuna shi ya ce, "Ga mai aikin nan. Wani tsoho ya ce sai an auna, shi kuwa ya ce kunnensa ya ishe shi. Ga ta nan kuna gani."

Direbobin suka miƙo masa hannu ɗaya bayan ɗaya. Wani ya tambayi inda garejinsa yake. Mainasara ya haɗiye maganarsa, ya ce a ransa zai faɗa in sun ɗan yi gaba. Suka shiga mota, Alhaji ya sake zama a tsakaninsu, maganar ba ta fito ba.

Da suka kusa Kazaure, inda hanya ke ɗan hawa tsakanin duwatsu, suka cim ma wata tankar mai tana jan ciki. Zailani ya bi bayanta na ɗan lokaci. Shanu suka fara motsi saboda zafi da hayaƙin tankar. Alhaji ya dubi agogon hannunsa ya yi tsaki.

Ya ce, "Malam Zailani, a bayan wannan za mu kwana? Ina ƙarfin da aka ƙara mata?"

Zailani ya leƙa. Akwai wata bas tana gangarowa, amma tana can nesa. Mota mai ƙarfin da aka yi masa alkawari za ta wuce ta koma hannunta da sauran fili. Bai dubi Alhaji ba, ya dubi yayan matarsa.

"Yaya, za ta iya?"

Kalma ɗaya ake nema a wurin Mainasara. Ya ji idon Alhaji a kansa.

Ya ce, "Taka ta."

Zailani ya sauke giya, ya fita hagu, ya danna totur har ƙasa. Motar ta yi ruri ta cinye bayan tankar, ta kai tsakiyarta. Wata ƙaramar mota da ke biye da su ita ma ta fito ta manne a bayansu. Suna daidai tsakiyar tankar injin ya sarƙe. Ya ɗauka, ya sake sarƙewa, sai ƙarfin ya zube gaba ɗaya kamar an yanke igiya. Zailani ya taka, ya sake takawa, babu amsa.

Bas ɗin ta riga ta matso, tana walƙa fitila. Mainasara yana iya ganin kayan da aka ɗaure a samanta da kawunan fasinjoji. A dama tanka ce cike da mai. A baya ga ƙaramar mota, in ya take birki da ƙarfi za ta shige ƙarƙashinsu, kuma ko ya take, nauyin shanu ba zai bari su koma bayan tankar a kan lokaci ba. Alhaji ya fara salati da ƙarfi.

Zailani bai yi ihu ba. Ya ce, "Ku riƙe," ya karya sitiyari hagu, ya sauka daga kwalta.

Bas ɗin ta wuce ta inda suke a daƙiƙar da ta gabata, ƙaramar motar kuma ta samu ta faɗa bayan tankar. Motar Zailani ta gangara kafaɗar hanya, shanu suka zube gefe guda, nauyinsu ya rinjaye ta. Ta ɗaga tayoyin dama a hankali, ta kwanta a kan gefen direba cikin wata gona.

Mainasara ya fito ta tagar sama da yanka a goshi kawai. Ya jawo Alhaji, wanda kafaɗarsa ta goce. Masu kula da shanun sun faɗa kan kunyoyin gonar, ɗaya ya karye a hannu. Mutanen ƙauyen da ke kusa suka sheƙo, ana ta kiran a kawo wuƙaƙe, domin shanu da dama sun kakkarye kuma ana tsoron su mutu mushe. Tara aka yanka a wurin. Duk wannan Mainasara bai gan shi sosai ba. Yana durƙushe yana leƙen cikin motar, inda ƙarfen ƙofa ya danne ƙafar Zailani ta hagu. Sai da aka kawo jak biyu da sandunan ƙarfe, aka yi kusan awa guda, kafin aka zaro shi. Duk tsawon lokacin idonsa biyu. Abin da ya tambaya kawai shi ne ko mutanen bas sun tsira.

A asibiti likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu kwana huɗu, daga baya suka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Da aka jawo motar Daura, Mainasara ya riƙa gaya wa masu zuwa jaje cewa gurɓataccen mai aka sayar musu. Wasu suka yarda. Alhaji Sama'ila bai yarda ba, domin ya tuna zancen awon da shi kansa ya yi wa dariya. Ya kai ƙara kotun shari'a. Alƙali ya sa a nemo masanin aikin ya duba motar, kuma duk garin babu wanda ya kai Baba Sada.

Dattijon ya zo kotu ba da son ransa ba. Ya yi bayani kansa a sunkuye. Ya ce ya tarar da tanki da mai fiye da rabi, man kuma mai kyau ne. Matatar mai ba ta toshe ba. Ya kwance injekta ya ga cikinta ya ƙoƙƙone saboda ƙarancin mai. Ya cire ɗan famfon ya gwada shi a gaban shaidu biyu, abin da ya kawo a minti da kyar ya haura lita ɗaya.

Alƙali ya juya ga Mainasara. "Malam Mainasara, an gaya maka ka auna famfon nan kafin motar ta ɗauki kaya?"

"An gaya mini, Allah Ya gafarta Malam."

"Ka auna?"

"Ban auna ba."

"Mai sana'a yana iya kuskure, shari'a ta san da haka. Abin da nake son sani shi ne wannan. A kan hanya, kafin hatsarin, ka ga wata alama da ta nuna maka motar tana da matsala? In ka ce ba ka gani ba, za ka yi alwala ka rantse."

Aka ɗauko Alƙur'ani aka ajiye. Mainasara ya dube shi. Ya waiga ya ga Hadiyya a ɓangaren mata, ta rufe rabin fuskarta da mayafi tana kallonsa. Babu wanda ya san abin da ya ji a wajen Daura sai shi da Allah.

Ya ce, "Ba zan rantse ba. Na ji ta tun kafin Sandamu. Na san famfon ne. Ya tambaye ni ko za ta iya, na ce ya taka ta."

Hadiyya ta tashi ta fita. Alƙali ya ɗora masa alhakin ɓarnar, kuma kafin damina ta sauka garejin ya bar hannunsa.

Zailani bai kai ƙara ba, ko da aka ce yana da haƙƙi. Mainasara ya yi wata biyu bai iya taka ƙofar gidansa ba. Ranar da ya je, ya same shi a zaure a kan tabarma, sandunansa biyu a jingine da bango. Suka gaisa. Mainasara ya durƙusa ya nemi gafara.

Zailani ya ce, "Tashi, Yaya. Abin da Allah Ya rubuta ba ya kankaruwa, na kuma yafe maka tun ina asibiti." Ya shafa gwiwarsa. "Abu ɗaya ne nake ta juyawa a raina. Rashin awon ban riƙe ka da shi ba. Amma a kan hanyar nan ban tambayi Alhaji ba, kai na tambaya. Da ka ce mini kada in taka, wallahi da ban taka ba."

Hadiyya ta aiko da ruwa daga cikin gida, amma ba ta fito ba, kuma ta shekara kafin ta sake kiran sa yaya. Zailani bai ƙara riƙe sitiyari ba, ya koma sayar da hatsi a bakin kasuwa. Mainasara kuwa ya bar Daura, ya je wani gari a ƙetaren iyaka yana aiki a ƙarƙashin wani, inda babu wanda ya taɓa jin labarin kunnensa.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Gwaninta ba ta ɗauke wa mutum awo, kuma wanda ya fi ƙarfin tambaya ya kusa faɗuwa. In ka ƙara wa abu ƙarfi, ka duba ko abin da ke ciyar da shi zai iya, domin ƙaramin abin da aka raina shi ke kayar da babba. Sannan duk mai sana'a ya sani amana ce a hannunsa, mutane suna ɗora rayukansu a kan kalmarsa. Kuskuren farko ana gyara shi da awo, na biyu ana gyara shi da cewa "na yi kuskure". Mainasara ya samu damar duka biyun ya bar su don kada a ga gazawarsa, sai wanda ya fi kowa yarda da shi ya ɗauki nauyin. Kunyar minti ɗaya a gaban mutane ta fi sauƙi a kan nadamar da za ta bi mutum har kabari. Allah Ya raba mu da girman kai.